Ranar da Kilen Mastar-Biyu Ya Ɓace

A duk faɗin Mallawa, daga bakin kasuwa har inda gonakinmu suke haɗa kafaɗa da na Najeriya, babu kan da ya kai na Abdulwahabu ɗan Malam Jibo nauyi. Ba ƙashin kan ake nufi ba, ko da yake a nan ma Allah bai rage shi da komai ba. Ilimi ake nufi. Ilimi irin wanda idan mai shi ya hau kabu-kabu sai tayar baya ta lotsa.

Ya ci jarrabawar brebe. Ya ci bak. Ya ci lisans a jami'a. A daidai inda ƴaƴan mutane suke wanke hannu su nemi aiki, shi ya ce yanzu ya fara jin yunwa. Ya wuce Yamai ya shiga abin da ake kira mastar, kuma da yake ba ya son abu guda-guda, yana gama ta ɗaya ya faɗa ta biyu. Daga nan sunan da aka yanka masa rago ya samu hutu, gari duka ya koma kiransa Mastar-Biyu. Shi kansa ya fi son a ce Metir, kamar yadda ake kiran lauya. Sai dai a Mallawa metir biyu muka sani, tela da mai gyaran babur, kuma dukansu sun riga shi.

Mu danginsa kuwa, in aka tara karatunmu duka aka ɗora bisa juna, ba zai kai masa idon sawu ba. Wasunmu bulala ce ta raba su da lakwal, wato makarantar boko, wasunmu lakwal ɗin ce da kanta ta gaji ta sallame su. Amma wannan bai hana mu ɗaukar karatun Abdulwahabu mu ɗora a ka ba, kamar mu muka yi. Ranar kasuwa har tafiyarmu canzawa take yi. In mai tumatir ya yi mana gardama sai mu tambaye shi ko ya san daga gidan da muka fito.

Abu ɗaya ne ya ɗan ba mu wahala: sunan karatun. Ya ce mana ana kiransa siyans kiriminel, wato sanin laifi, da yadda ake gano mai shi, da yadda ake yi masa shari'a. Wannan dogon bayani ya yi mana nauyi, sai muka ɗauki kalmar da muka saba ji a rediyo muka zubar da sauran. Muka bi gari muna shelar cewa ɗanmu ya kusa zama cikakken kiriminel, da takarda da hatimi. Kakarsa Iya Tamu, wadda kunnenta ɗaya ya daina aiki tun kafin a haife shi, ita ta fi kowa iya fassara. A gidan suna ta ce wa mata: "Karatun ɓarayi yake yi, ya kusa saukewa." Mata suka ce Allah ya shirya. Ta ce amin, ta ƙara da cewa shi ne na ɗaya a ajinsu.

Abin da ya rage masa shi ne memwar, littafin da ɗalibi yake rubutawa da kansa, ya kai wa manyan malamai, su zauna a gabansa su yi ta tambaya har gumi ya sauko masa a takalmi. Nasa shafi ɗari da arba'in ne, a kan hanyoyin gano ɓarawon dabbobi a karkara. Wanda ya rubuta shi bai taɓa ɗaure akuya ta kwana a ɗaure ba, amma wannan ƙaramin zance ne. Babban zance shi ne ranar Litinin ta sama za a rufe karɓa. Wanda bai kai nasa ba, shekara ta tafi.

Ya sauka gida ranar Lahadi, kwana takwas kafin wa'adin, wai ya zo neman albarka da cike ɗan abin da ya rage. Tsakiyar bazara ce, ko ƙadangare ba ya yarda ya tsallaka tsakar gida, amma Mastar-Biyu ya sauka daga kabu-kabun Dungass cikin baƙin kostim, kwat da wando, da jan karabat a wuya da farin tabarau. Idonsa lafiya lau. Tabaran na tunani ne.

Ordinatarsa, na'urar da ya rubuta littafin a ciki, ba ta iso tare da shi ba. A wata tasha a hanya ya ajiye jakar a gefensa, ya juya yana yi wa wani fasinja bayanin alamomi bakwai da ake gane ɓarawon tasha da su. Ya kai ta biyar ya waiwaya, jaka ta tafi. Ya sake waiwayowa, fasinjan ma ya tafi. Da yake ba mu labari ya ce wannan ba asara ba ce, bincike ne a fili. Muka gyaɗa kai, muka ce lallai karatu ya yi nisa.

To, shafi ɗari da arba'in ɗin nan yanzu wuri ɗaya suka rage a duniya: cikin kile, wani ɗan abu kamar rabin ɗan yatsa da ake soka wa na'ura a zuba rubutu ko a ɗiba. Bai tura wa kowa littafin ba, ko abokinsa na ɗaki, domin a cewarsa Yamai cike take da ɓarayin ilimi. Ya zura wa kilen koren zare ya rataya a wuya, can ƙarƙashin singileti. Ba ya cire shi sai zai shiga wanka, ya maƙala shi a ƙusar bangon ɗakinsa. Wankan Mastar-Biyu kuwa ba wanka ba ne, zaman majalisa ne. Kafin ya fito mace ta surfa gero ta wanke ta shanya. Jakin da ke ɗebo wa gidan ruwa, in ya hango shi da soso, juya masa baya yake yi.

Mutum biyu kaɗai suka ga kilen. Da safiyar Litinin ya durƙusa gai da Iya Tamu, sai abin ya zamo daga wuyan riga yana lilo. A gefe kuma Rabilu ne zaune yana sharɓar kunun da ba a dama don shi ba. Rabilu ɗan gwaggonsa ne, taubashinsa, wanda ya bar kolej a aji biyu bisa shawarar dukan malamai, ba tare da ko ɗaya ya ƙi ba.

Iya ta kama zaren ta jawo shi kusa da idonta mai kyau. "Maigida," ta ce, don haka take kiran jikan nata, "wannan wace irin laya ce aka ba ka tsirara, ko fata babu?"

Ya yi dariyar da ya koyo a Yamai, wadda ake yi baki rufe. "Iya, wannan ya fi laya. Karatuna na shekara biyu duk yana cikin nan, a rubuce. In ya ɓace, na ɓace. In yana jikina, babu malamin da zai kayar da ni."

Iya ta jinjina abin a tafin hannu. Ta yi masa kallon tsohuwar da ta ga an bar aiki rabi.

"Akwai sababbin waƙoƙin Yamai a ciki?" in ji Rabilu.

Mastar-Biyu ya dube shi ta saman tabarau, kallon da likita yake yi wa ciwon da ba ya jin magani.

Ranar Talata ya cike abin da ya rage na bincikensa. Ya sa aka kira Gidaɗo, makiyayin da shanunsa suke kwana a gonar Malam Jibo kowane rani shekara talatin ke nan, suna cin kara suna barin taki. Dattijo ya zo ya zauna, ya ɗora sandarsa a cinya. Mastar-Biyu ya buɗe takarda ya gyara murya.

"Malam Gidaɗo, a ce ka wayi gari an sace maka saniya. Mene ne matakin farko? Na ɗaya, ka sanar da hukuma. Na biyu, ka rubuta kamannin dabbar. Na uku, ka tara shaidu."

"Sai in bi sawu," in ji Gidaɗo.

"Babu wannan a takarda. Ɗaya, biyu, ko uku?"

"To ni dai sawu nake bi, ɗana."

Mastar-Biyu ya girgiza kai cikin tausayi, ya rubuta: bai fahimci tambaya ba.

Laraba da hantsi aka ji ihu. Kaji suka watse. Mastar-Biyu ya fito daga ɗakinsa da tawul a ƙugu da tabarau a fuska, kumfa na nan a kunnensa ɗaya. Ƙusa tana nan. Kile ba ya nan.

Wani ne da kuka zai fara. Shi da aiki ya fara. Ya kwance igiyar akuya ya gitta ta a ƙofar ɗakin, akuya ta samu ƴancin da ba ta nema ba ta nufi rumbu. Sannan ya hau kan turmi ya fuskanci jama'ar gidan.

"Silans! Kowa ya yi shiru! Kada kowa ya motsa. Daga wannan minti nan ba gida ba ne, wurin aikata laifi ne. Wanda ya tsallaka igiyar nan ya tsallaka doka. An sace mini kile. Wanda ya yi wannan bai san gidan da ya shigo ba. Shekara biyu ina karanta irinsa. Na san yadda yake tunani, na san yadda yake numfashi. Kafin Juma'a ta fita zai tsaya a gabana."

Malam Jibo, wanda ya fito da carbi a hannu, ya tambaya a hankali: "Abdu, mene ne kile?"

"Makulli ke nan da Hausa, Baba. Amma kada a tambaye ni kamanninsa. Wannan sirrin anket ne, sirrin bincike. Duk wanda ya nuna ya san yadda yake, ya tona kansa."

Rabilu ya buɗe baki, ya tuna abin da ya ji yanzu, ya mayar ya rufe. Ya kuma ga babu dalilin ɓata wa mutane nishaɗi.

Haka muka bazu neman makulli. Muka kwashe shara, muka leƙa randa, muka zazzage buhunan wake. Maƙwabta suka shigo taimako. Kafin azahar an tara masa makullai ishirin da uku a faifai: na rumbu, na babur, na wani kwaɗo da ya ɓace tun auren gwaggo. Da aka ɗaga murya aka gaya wa Iya Tamu makullin maigidanta ya ɓace, ta yi salati, ta kwance na tsohuwar akwatinta daga bakin zane ta ce a gwada ko zai yi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa a'a, mu kuma muna sha'awar yadda yake cewa a'a.

Da rana Iya ta kawo masa fura da kanta, ta tsaya a kansa. Ya ce ba ya jin yunwa. Ta ce ba ta tambaye shi ba. Ya kurɓa ya ce yau furar tana ɗan ƙarni kamar ta kwana a gwangwani. Ta ce ya shanye. Bai ajiye kwanon ba sai da ta leƙa ta ga gindinsa.

Daga nan aka shiga tambayoyi. Ya sa kostim ɗinsa, ya kafa tebur a zaure, ya ɗauko kaye, littafin rubutu, da bik, wato biro. A shafin farko ya rubuta sunayen mutum biyun da suka taɓa ganin kilen. Iya Tamu ya soke nan take, domin a duk lissafin da aka yi a manyan ƙasashe, mata ƴan sama da shekara saba'in ba sa cikin jerin ɓarayi. Saura Rabilu. Aka kifa turmi aka zaunar da shi.

"Ilimi ya tabbatar," in ji Mastar-Biyu yana zagaya shi hannu a baya, "cewa maƙaryaci idan zai yi ƙarya hagu yake kallo. Ba ya iya hana kansa. Rabilu, dube ni. Yau ka taɓa kilena?"

Rabilu ya zuba masa ido tsakiyar tabarau. "Yau? Wallahi yau ban taɓa shi ba, Metir."

Ko ƙiftawa bai yi ba. Mastar-Biyu ya rubuta: mai gaskiya ne, ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ta shirya laifi ba. Rabilu ya yi godiya bisa duka biyun.

Sauran mutanen gida kowa ya samu rabonsa. Surayya ƙanwar Mastar-Biyu ta kalli hagu saboda tukunyarta tana can tana ƙonewa, ta sha tambaya har la'asar. Mu da aka tsallake muka ji haushi, don ba kullum ake samun mai mastar biyu ya rubuta sunanka ba.

Alhamis da safe Iya ta kira shi ɗaki ta miƙa masa kambu sabo fil, jar fata, ɗinkin Sadiƙu baduku, har yana ƙamshin jima. Ta ce ya ɗaura a damtse, kada ya cire har ya gama da malaman Yamai. Mastar-Biyu ya fito tsakar gida da shi a hannu, ya tabbatar akwai masu ji, sannan ya yi jawabi. Ya ce abin da ya hana ƙasar nan ci gaba ke nan. Ya ce mai ilimi da hujja yake aiki, da hujja kawai, kuma shi ya karɓa ne don kada ran tsohuwa ya ɓaci, amma ba zai taɓa jikinsa ba. Ya gama ya zagaya bayan rumbu. Da ya fito, hannun kostim ɗinsa na dama ya ɗan kumbura. Muka ce ƙila ilimi ne ya fara saukowa daga kai.

A gaskiya kwana biyun nan ya rame. In ya ɗauka babu mai kallo, sai ya zauna ya cire tabarau ya riƙe kai da hannu biyu. Motar Asabar ita ce ta ƙarshe da za ta kai shi Yamai a kan lokaci. Ya san haka, kuma babu shafin littafinsa da ya faɗi abin da mutum zai yi da wannan sanin.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tara kowa a tsakar gida, ya sa aka kira Gidaɗo. Ya hau turminsa.

"Jama'a, anket ta ƙare. Hujja uku ce. Ta ɗaya, wane baƙo ne ya shigo gidan nan kwana ɗaya kafin laifi? Ta biyu, wa aka yi wa tambaya mai sauƙi ya ƙi amsawa? Ta uku, wa ya fi kowa sanin harkar sata, da bakinsa ya ce kullum yana bin sawunta?" Ya juya a hankali ya miƙa bik. "Malam Gidaɗo."

Babu wanda ya yi dariya. Malam Jibo ya sunkuyar da kai kamar an ɗora masa dutse. "Abdu," ya ce, "mutumin nan shi ya ba da ragon sunanka."

"Doka ba ta san rago ba, Baba. Kuma ku shaida: duk wanda aka samu kilen nan a jikinsa, shi ne, ko da ya rantse bai san yana nan ba. Da hannuna zan kai shi wurin jandarma a Dungass."

Gidaɗo ya dubi Mastar-Biyu daga sama har ƙasa. Sannan ya dogara sanda ya miƙe. "A ina abin yake kafin ya tafi?"

Aka nuna masa ɗakin. Igiyar akuya tana nan a gitte, don tun Laraba mai ɗakin a zaure yake kwana. A duk ilimin shekara biyu, wannan igiyar ce kaɗai ta yi aiki: yashin da ke shimfiɗe a ɗakin babu wanda ya taka. Dattijo ya tsuguna a bakin ƙofa, ya karkata kai, ya duba kamar mai karanta wasiƙa.

"Wannan mai tsinin takalminka ne. Wannan kuma silifa ce, ta shiga da gudu ta fita da gudu, ta sake dawowa, amma ta girmi ɓatan da kwana biyu, ba ruwanmu da ita." Rabilu ya yi tari. "Ga wanda muke nema. Ƙafa ƙarama, da sanda, tana jan ta hagu. Ta je gindin ƙusa ta yi ɗage, don ƙusar ta fi ta tsawo. Ta fito ba ta gaggawa. Wannan ba sawun ɓarawo ba ne. Sawun mai gida ne."

A gidan nan mutum ɗaya ne yake jan ƙafar hagu. Duk muka juya. Iya Tamu tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Surayya ta matsa wajen kunnenta mai ji ta faɗa mata.

"Ni? Makulli?" Iya ta tafa hannu. "Ban ɗauki makullin kowa ba, nawa ma na ba ku. Layar maigidana dai na ɗauka na kai wa Sadiƙu ya rufe mata tsiraici. Ina amfanin mutum ya je gaban manya da laya ba fata? Ga ta nan ma a damtsensa, tun jiya yake ɗaure da ita."

Har akuya sai da ta daina tauna.

"Metir," in ji Rabilu cikin ladabi, "kabu-kabu ɗaya za a kira ko biyu? Kai da wanda za ka kai Dungass, za ku iya haɗa babur?"

Mastar-Biyu ya sauko daga turmi. Ya cire kostim. Ya kwance karabat. Ya naɗe hannun riga, jar fata ta bayyana, ta sha gumin kwana biyu. Aka kira Sadiƙu baduku ya zo yana mita, wai bai taɓa yin ɗinki mai kyau irin wannan ba kuma a ce ya farke. Wuƙa ta bi zare, kile ya faɗo a tafin hannun mai shi. Ya rungume shi. Ya je gaban Gidaɗo ya durƙusa har ƙasa, abin da bai yi ba tun da ya ci bak. Dattijo ya dafa kansa ya ce: "Tashi, ɗana. Ka dai ƙara na huɗu a takardar nan taka."

Da a nan abin ya tsaya, da an ce an rabu lafiya. Amma Iya ba ta gama karɓar yabo ba.

"Kuma ba fata kaɗai na yi mata ba," ta ce. "Ka ce rubutu ne a ciki, na ga ba ka sha ba. Yaran yanzu! Sai na jiƙa ta. Da na ga tawadar ta ƙi fita, na ɗora a wuta ta ɗan tafasa. Da ruwan na dama maka furar Laraba."

Gari guda ya raka shi shagon Nassirou, wanda ke bayan gidan, mai cajin waya da hasken rana da tura wa mutane waƙoƙi da kokowa a katin waya. A Mallawa shi kaɗai ke da ordinatar. Mastar-Biyu a gaba da singileti, mu a baya, Iya a ƙarshe da sandarta. Nassirou ya soka kile. Shiru. Ya zare ya hura ya mayar. Shiru. Ya juya shi, ya goga a riga, ya yi bisimilla ya sake sokawa. Na'ura ko gezau.

"Babu komai a ciki," in ji shi.

"Ai dole," in ji Iya daga baya, cike da gamsuwa. "Ya shanye."

Mastar-Biyu ya zauna a ƙasa, a cikin ƙura, da wandon kostim. Bai yi jawabi ba. A karo na farko tun Lahadi, fuskarsa ta koma ta Abdun da muka sani, wanda muke tura wa ƙwaro a riga yana kuka. Har mu sai da muka tausaya masa.

Nassirou yana ta juya mataccen kilen a hannu. "Tsaya. Wannan ba shi ne mai koren zare ba? Ai ya taɓa zuwa nan. Ranar Litinin, Rabilu ya shigo da shi a guje, ya ce in duba masa waƙoƙin Yamai maza-maza kafin a gama wanka."

Aka nemi Rabilu. Yana nan, amma ya duƙufa yana nazarin rufin shagon, ɓangaren hagu.

"Ban ga waƙa ba," in ji Nassirou, "amma ni ka'idata, duk abin da aka soka wa na'urar nan sai na kwashe. Ban san ranar da zai yi amfani ba." Ya danna nan ya danna can. Tsakanin wata kokowa da waƙar biki, ga shi nan kwance: hanyoyin gano ɓarawon dabbobi a karkara, shafi ɗari da arba'in, ko wasali bai ɓace ba.

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa. Mastar-Biyu ya rungume Nassirou, ya rungume ordinatar, ya rungume Rabilu, sannan ya tuna ya sake shi. Sata biyu aka yi masa a ɗaki ɗaya. Wadda ta yi don ƙauna ta kashe littafin, wanda ya yi don iskanci ya cece shi, kuma dukansu ya wanke su da hannunsa a kaye. Muka yi ta murna muna faɗa wa mutanen da suka taru cewa ai mun san za a gano, gidanmu gidan bincike ne.

Ya mayar da tabarau. Da tabarau suka hau, tunani ya dawo.

"Nassirou. A ina ka ajiye shi?"

"Cikin sababbi."

"Sababbin da kake tura wa mutane?"

"Duk wanda ya kawo kati tun Litinin ya samu. Ranar kasuwa ma har ƴan Najeriya sun tafi da shi."

Mastar-Biyu ya miƙe tsaye. Babu turmi a shagon, sai ya hau benci. "Jama'a, kun ji! Aikin da na ɓoye wa manyan masana na Yamai! Gumin shekara biyu! Yanzu yana hannun kowa, ya tsallaka iyaka, ƙila a wannan minti wani yana kwafe shi ya sa sunansa. Wannan laifi ne na ƙasa da ƙasa. Ina son sunan duk wanda ya karanta, ɗaya bayan ɗaya!"

"Kwantar da hankalinka, Metir," in ji Nassirou. "Babu wanda ya buɗe ya wuce shafin farko. Duk sun dawo sun ce in goge musu. Wai abin ba ya kiɗa, ba ya motsi, cin wuri kawai yake yi."

Mastar-Biyu ya tsaya a kan benci baki buɗe. A hankali ya juyo wajenmu, mu danginsa, mu da muka canza tafiya saboda karatunsa, mu da muka tsorata mai tumatir da sunansa. Dukanmu mun kai kati a makon nan, kuma ya sani.

"Ku fa?" ya ce.

Muka dubi hagu gaba ɗaya.